Gasar Intel da AMD a Kasuwar Furosesar Kwamfutar Tebur

Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato ɗan guntun silikon da ke aiwatar da duk umarnin da manhaja ta bayar. A kasuwar kwamfutocin tebur, kamfanoni biyu na Amurka ne ke riƙe da kusan dukkan cinikinta: Intel, wanda Robert Noyce da Gordon Moore suka kafa a 1968, da AMD, wanda Jerry Sanders da abokansa suka kafa a 1969. Dukansu suna da hedikwata a Santa Clara, jihar Kalifoniya, kuma furosesocinsu suna aiki ne da tsarin umarni guda da ake kira x86, shi ya sa manhajar da ta tashi a kan ɗaya za ta tashi a kan ɗayan.

Asalin gasar

Lokacin da IBM ya fitar da kwamfutarsa ta amfanin mutum ɗaya, IBM PC, a 1981, ya ɗauki furosesar Intel 8088, amma bai yarda ya dogara da mai kawo kaya ɗaya ba. Wannan ne ya kai ga yarjejeniyar 1982 da ta ba AMD izinin ƙera furosesocin Intel. Zaman bai ɗore ba. Da Intel ya fitar da 386 a 1985, sai ya hana AMD zanenta, aka shiga shari'a ta shekaru, har aka sasanta a 1995. Daga nan AMD ya koma zana nasa da kansa.

Yadda rinjaye yake sauyawa

A 1999 AMD ya fitar da Athlon, wadda ta riga Intel kai wa saurin gigahas 1, wato bugu biliyan ɗaya a daƙiƙa, a watan Maris na 2000. A 2003 kuma ya faɗaɗa x86 zuwa bit 64, wato ninkin faɗin bayanan da ake sarrafawa a lokaci guda, tsarin da Intel da kansa ya dawo ya ɗauka. A wannan lokacin Pentium 4 ta Intel na fama da zafi da shan wuta. Core 2 Duo ta 2006 ce ta dawo wa Intel da martabarsa, kuma ya riƙe gaba kusan shekara goma.

Gasar ba ta tsaya a ɗakin injiniyoyi ba. A 2009 Tarayyar Turai ta ci tarar Intel yuro biliyan 1.06 kan ragin farashin da yake yi wa masu haɗa kwamfuta don su guji furosesocin AMD, hukuncin da aka daɗe ana jayayya a kansa a kotu. A shekarar ce kuma Intel ya biya AMD dala biliyan 1.25 don a rufe ƙararrakin da ke tsakaninsu.

Bulldozer da Ryzen

Babu misalin da ya nuna haɗarin ɗoki kafin fitowar kaya kamar Bulldozer ta AMD. An shafe watanni ana zuzuta ta a matsayin furosesa mai cibiyoyin sarrafawa takwas, wato sassan da kowannensu ke gudanar da nasa aikin, da za ta durƙusar da Intel. Da samfurinta FX-8150 ta iso hannun masu gwaji a Oktoban 2011, sai aka ga kowace biyu daga cibiyoyin suna raba wasu sassa ne a tsakaninsu, aikin cibiya guda ya yi rauni, ga cin wuta. A wasu gwaje-gwajen ma tsohuwar Phenom II ta AMD ɗin ta fi ta. Masu saye suka kai ƙara kan yadda aka ƙirga cibiyoyin, aka sasanta a 2019.

Illar rashin abokin karawa ta faɗa ne kan mai saye. Shekara bayan shekara, babbar furosesar Intel ta gama-gari ta tsaya a cibiyoyi huɗu. Sai a Maris 2017, ƙarƙashin jagorancin Lisa Su, AMD ya fitar da Ryzen 7 1800X mai cibiyoyi takwas a dala 499. Kafin shekarar ta ƙare Intel ya fito da Core i7-8700K mai shida. Wannan saurin martani shi ne hujja mafi ƙarfi a kan amfanin gasar.

Masana'anta ita ce ƙashin baya

Zane mai kyau bai isa ba idan babu inda za a ƙera shi da ƙananan transisto, wato 'yan makunnan lantarki da ke cikin furosesa. AMD ya rabu da masana'antunsa a 2009, suka zama GlobalFoundries, daga baya ya koma ga TSMC na Taiwan, kamfanin da ke ƙera wa wasu furosesa. Ryzen 3000 ta 2019 ta fito a fasahar nanomita 7 (ƙaramar lamba na nufin ƙananan transisto), an haɗa ta da ƙananan gutsattsari maimakon dunƙule ɗaya, yayin da Intel ya maƙale a nanomita 14 saboda jinkirin fasaharsa ta gaba. Intel ya farfaɗo da Alder Lake a 2021, wadda ta gauraya manyan cibiyoyi masu ƙarfi da ƙanana masu tsimin wuta. AMD ya mayar da martani a 2022 da 5800X3D, inda aka ɗora ƙarin ma'adanar wucin-gadi, wato wurin ajiye bayanan da ake buƙata da sauri, a saman furosesar, abin da ya ja masu wasannin kwamfuta zuwa gare shi. A 2024 wasu furosesocin Intel na zubi na 13 da 14 suka riƙa lalacewa saboda yawan ƙarfin wutar da ke shigar su, kamfanin ya fitar da gyara ya kuma ƙara wa'adin garanti da shekara biyu.

Abin da ake jira

AMD ya sanar da zubin Zen 6, Intel kuma Nova Lake, tare da ɗora fata mai yawa a kan fasahar ƙirarsa ta 18A a ƙarƙashin Lip-Bu Tan, wanda ya karɓi ragamar kamfanin a Maris 2025. Masu haɗa kwamfuta da hannunsu suna duba abin da ya wuce sauri: ko sabuwar furosesar za ta shiga soket ɗin da suke da shi, wato mazaunin furosesa, ko sai an sake sayen babban allon da ke ɗauke da sassan kwamfutar. A nan AMD ya samu yabo, domin soket ɗinsa na AM4 ya ɗauki zubi da yawa, kuma ya yi alƙawarin riƙe AM5 har zuwa 2027 ko bayan haka, alhali Intel ya saba sauya nasa bayan zubi biyu ko uku. Alƙaluman da kamfani ke nunawa a ranar ƙaddamarwa kuwa, gwaje-gwajen da ya zaɓa ne da kansa, don haka masu saye na ƙwarai sukan jira sakamakon masu gwaji masu zaman kansu kafin su fitar da kuɗi.