Waiwaye: Yadda Linux ta daina haddace alluna

Ɗalibin injiniyan lantarki a Kadpoly ko KASU da ke son koyon aiki da ƙananan alluna masu firosesar ARM, amma kuɗin sayensu ya gagare shi, yakan koma ga QEMU, manhajar da Fabrice Bellard ya fara fitarwa a 2003, wadda ke kwaikwayon allon a cikin kwamfutarsa. Sau da yawa yakan tayar da kenel ɗin Linux, wato zuciyar manhajar da ke sarrafa na'urorin kwamfuta, ya zuba ido, ko harafi ɗaya bai bayyana ba.

Asalin matsalar shi ne na'urorin da ke haɗe da kwamfuta ta hanyar PCI ko USB suna iya bayyana kansu idan aka tambaye su, amma na ƙaramin allo sai an faɗa wa kenel adireshin kowacce. A da, manhajar tayarwa irin U-Boot takan ajiye lambar allon a rajistar r1, wata ƙaramar ma'ajiya a cikin firosesa, da adireshin wani ɗan jerin bayanai mai suna ATAGS a r2, sauran bayani kuwa yana rubuce a cikin kenel, kowane allo da nasa fayil. Fayilolin suka yi ta yawa har Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya fito fili ya yi ƙorafi a Maris 2011.

Maganin kuwa tsoho ne. Tsarin Open Firmware, wanda ya samo asali daga kamfanin Sun aka kuma daidaita shi a 1994, ya riga ya tanadi bishiyar na'urori, wato jerin da ke bayyana kowace na'ura da adireshinta, kuma ɓangaren Linux na firosesar PowerPC ya daɗe da mayar da ita fayil guda, DTB. Grant Likely, ɗaya daga cikin masu rubuta kenel, na cikin waɗanda suka kawo ta ARM, kuma da ARM mai bit 64 ya shigo a 2012, ko kaɗan ba a buɗe masa tsohuwar hanyar ba.

A QEMU lamarin ya rabu biyu. Allon versatilepb kwaikwayon allo ne na gaske, don haka sabon kenel yana buƙatar a miƙa masa DTB ɗin da ya dace ta zaɓin -dtb. Idan DTB ɗin na wani allo ne, kenel zai nemi mashigar da zai fitar da rubutu inda babu ita, shi ya sa shirun. Allon virt kuwa babu shi a zahiri, QEMU ce ke ƙera bishiyarsa a kowace tayarwa. A ganina da shi ya kamata mai koyo ya fara, ya fitar da bishiyar da zaɓin dumpdtb na QEMU, ya mayar da ita rubutu da manhajar dtc, ya karanta ta kafin ya taɓa komai.