Zancen rataye mai kalaman ƙiyayya: ina aka kwana, kuma me APC da PDP suka ce?

Saƙon nan ya sake dawowa grup ɗin unguwarmu jiya da daddare, wai gwamnati ta sa hannu a dokar kalaman ƙiyayya, duk wanda ya zagi wata ƙabila ko wani shugaba a Facebook ratayewa za a yi. Kafin gari ya waye wani ƙanena ya goge rubuce-rubucensa na kusan wata uku, wani kuma ya turo murya yana cewa ai da ma APC ce, da PDP ce ke mulki ba wanda zai taɓa bakin talaka. Dukkansu biyun akwai gyara a maganarsu.

Babu wata doka a Najeriya da ta ce a rataye mutum saboda kalaman ƙiyayya. Abin da ake yawo da shi ƙudiri ne, Sanata Aliyu Sabi Abdullahi na APC mai wakiltar Neja ta Arewa ya fara kawo shi a 2018, ya sha ruwa, ya sake dawo da shi a Nuwamban 2019, shi ne aka yi ta hayaniya. Ƙudirin bai tsallake majalisa ba balle ya je teburin Buhari, kuma majalisa ta tara da aka kawo shi cikinta ta ƙare tun Yunin 2023. To ƙudirin da bai zama doka ba ɗan sanda ba zai kama ka da shi ba, alƙali ba zai yanke maka hukunci da shi ba.

Amma bari mu duba abin da ke ciki tunda shi ke tsorata mutane. Waɗanda yake nufin karewa su ne duk wani rukuni da aka tsana saboda ƙabila. Hukuncin ne ya tada ƙura: ɗaurin rai da rai ga wanda aka samu da laifin, idan kuma maganar tasa ta jawo aka rasa rai sai a rataye shi. Ka ga kenan ko a takardar ma rataya ba don zagi kawai ba ce, sai an yi kisa, kuma shi kansa sanatan da suka ta yi yawa ya fito ya ce za a gyara wannan ɓangaren. Akwai kuma wani laifi na daban na tsangwamar mutum saboda ƙabilarsa, shi ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba ko tarar da ba ta gaza naira miliyan 10 ba, ko duka biyun.

Ni wallahi ba ratayar ce ta fi damuna ba, yadda aka fassara laifin ne. Ƙudirin ya ce maganar barazana ko cin mutunci ko zagi laifi ce idan ka yi ta da niyyar tada ƙiyayyar ƙabilanci, KO KUMA idan aka duba yanayi ana ganin za ta iya tada ƙiyayyar. Wannan "ko kuma" ɗin shi ne ramin, domin ba sai an tabbatar da mugun nufi a zuciyarka ba, ya isa wani ya ce ai maganar za ta iya jawo rigima. Waye zai auna? A ƙasar da Bakatsine ke ce wa Banufe bawansa, Bafulatani da Babarbare kullum suna cikin tsokanar juna, Bakano da Bazazzage ba a magana, wannan duk wasa ne da muka gada amma ka ɗauke shi ka rubuta a takardar tuhuma ba tare da dariyar ba ka ga yadda zai koma. Sannan zancen "ta jawo aka rasa rai" shi ma, in aka yi rikici a gari mutum ɗari sun yi rubutu a ranar, na waye ya kashe?

Sai batun jam'iyyu. PDP ta fito ƙarara ta yi watsi da ƙudirin a 2019, Atiku ma ya soke shi, hujjarsu ita ce sashe na 39 na kundin tsarin mulki ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa kuma ana so ne a toshe bakin 'yan adawa da 'yan jarida. A ɓangaren APC kuwa gaskiya ƙudirin na sanata ɗaya ne, ba daga fadar shugaban ƙasa ya fito ba, sai dai inda gwamnatinsu ta karkata ba ɓoyayye ba ne. Tun Agustan 2017 Osinbajo yana muƙaddashin shugaban ƙasa ya ce za a ɗauki kalaman ƙiyayya a matsayin nau'in ta'addanci. A Agustan 2020 ministan yaɗa labarai na lokacin Lai Mohammed ya sanar an ɗaga tarar kalaman ƙiyayya ga gidajen rediyo da talabijin daga naira dubu 500 zuwa miliyan 5, ba a rufa wata ba hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci tashar Nigeria Info ta Legas wannan tarar kan hirar da ta yi da marigayi Obadiah Mailafia, tsohon mataimakin gwamnan Babban Bankin Najeriya. Su 'yan gwamnati hujjarsu sashe na 45 na kundin ne, wanda ya yarda a taƙaita 'yancin saboda tsaro da zaman lafiya, kuma kar mu yi ƙarya, duk wanda ya ga abin da jita-jita ta jawo a Jos ko Kaduna ya san hujjar ba ta banza ba ce. A Mayun 2023 dai babbar kotun tarayya a Abuja ta ce NBC ba kotu ba ce, ba ta da hurumin cin tara.

To amma mai muryar da ya ce PDP ba ta taɓa bakin kowa, ɗan'uwa ka manta ne? A Yunin 2014 zamanin Jonathan sojoji suka tare motocin jaridu suna ƙwace Daily Trust da Leadership da sauransu, a lokacin mai magana da yawun APC da ke kukan an take 'yancin jarida shi ne dai Lai Mohammed ɗin nan. Kowa in yana adawa sashe na 39 yake haddacewa, in ya hau kujera sai ya tuna akwai na 45.

Kuma dokar da a zahiri ake kama mutane da ita, wato dokar laifukan intanet, Jonathan ne ya sa mata hannu a Mayun 2015 dab da saukarsa, APC ta zo ta tarar da ita ta ci gaba da amfani da abinta. Wannan ita ya kamata ƙanena ya sani maimakon goge-gogen da ya kwana yana yi. Sashe na 24 na dokar a yadda aka fara rubuta shi, ko saƙon ƙarya da ka tura don ka ɓata wa wani rai ko ka ci mutuncinsa ya isa a ɗaure ka har shekara 3 ko tarar har naira miliyan 7, shi ya sa manya suka mai da shi sandar dukan 'yan jarida da masu suka. Kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin magana, a Fabrairun 2024 Tinubu ya sa hannu a gyara, aka rage shi ya koma kan batsa, da ƙaryar da ka san ƙarya ce ka yaɗa don ka jawo karya doka da oda ko barazana ga rai. An samu sauƙi, ko da yake "karya doka da oda" ɗin ma roba ce, ɗan sanda zai iya jan ta yadda ya so kafin a kai gaban alƙali.

Sashe na 26 kuma shi ne ainihin na kalaman ƙiyayya, kuma kusan ba mai zancensa. Ya hana yi wa mutane barazana ko zaginsu a bainar jama'a ta intanet saboda ƙabila, launin fata, asali ko addini, hukuncinsa ɗaurin da bai wuce shekara 5 ba ko tarar da ba ta wuce naira miliyan 10 ba, ko duka. Sukar gwamna kan albashi ko hanyar da ba a gyara ba bai shiga nan ba. Amma irin rubutun nan da ake kwasar ƙabila guda ko addini guda a yi musu kuɗin goro a zage su, wanda wasunmu ke turawa grup ba tare da sun karanta ba, shi ya shiga tsundum, kuma sashen bai tsaya kan wanda ya fara rubutawa ba, har da mai yaɗa irin wannan kayan ga jama'a.