Tg: Zafin da Allon Lantarki Ke Fara Saki

A takardar bayanin allon lantarki, wato allon da ake jera kayan lantarki a kansa a cikin na'ura, za ka ga an rubuta Tg 135 ko Tg 170. Da yawa suna ɗauka a nan ne allon zai ƙone. Ba haka ba ne.

Yawancin alluna da FR-4 ake yin su: saƙaƙƙen zaren gilashi da aka jiƙa da ƙaron efoksi, aka manna masa fallen jan ƙarfe. Tg shi ne matakin zafin da ƙaron ke barin taurinsa ya yi laushi kamar roba. Na gama-gari yana sakewa a digiri 130 zuwa 140 na Salshiyas, mai inganci sai 170 zuwa 180. Ruɓewar ƙaron kuwa, wadda ake kira Td, sai wajen 300.

Ɓarnar a kauri take. Zaren gilashi yana riƙe tsawo da faɗi, amma ba ya hana allon kumbura. Kafin Tg, kaurin na ƙaruwa da kashi 50 zuwa 70 cikin miliyan a kowane digiri. Da an haura sai ya kai 250 ko fiye, alhali jan ƙarfe 17 kawai yake yi. Ƙananan ramukan nan masu rufin jan ƙarfe, da ke haɗa layukan sama da na ƙasa, su ke shan wahala. Yau ja, gobe saki, har rufin ya tsage. Shi ya sa na'ura ke aiki lafiya da sanyi, ta ɗauke da zarar ta ɗumama.

Ko ba a kai Tg ba, zafi mai daɗewa yana cin allo. Duba ƙarƙashin rezista babba (abin rage ƙarfin wutar lantarki) a tsohuwar inbata: wurin ya yi ruwan ƙasa, ya yi gautsi, layin jan ƙarfe na ɓantarewa da ɗan taɓi. In ya zama baƙi, gawayi ne, wutar lantarki na bi ta cikinsa. Dole a kankare shi tas kafin gyara. Ƙiyasin injiniyoyi shi ne ƙarin digiri 10 na rage rabin kwanan allo, don haka a bar tazarar digiri 25 ƙasa da Tg.

Liƙi da dalma ma bugu ne ga allo. Tsohuwar dalma tana narkewa a 183, ta zamani mai kuza da azurfa sai 217, duka sun wuce Tg. Allon da ya sha danshi a fara gasa shi a digiri 120 na awa 2 zuwa 4, in ba haka ba tururi ya ɗaga falle-fallensa, ya yi bororo.