Fic

Fic ɗan itace ne mai ƙwallo guda a tsakiya, mai tsoka mai ruwa da ƙamshi, ɓawonsa kuma lulluɓe da gashi mai laushi. Masana tsirrai suna kiran bishiyarsa Prunus persica, domin ta ƙasar Farisa, wato Iran ta yau, ya isa Turai. Amma asalinsa Sin ne. A lardin Zhejiang, kusa da kogin Yangtze, an tono ƙwallayensa da suka kai shekara 8,000, kuma har yau Sinawa suna ɗaukarsa alamar tsawon rai.

Rumawa sun san shi tun ƙarni na 1 miladiyya. Akwai zanensa a bangon wani gida a Herculaneum, garin da dutsen Vesuvius ya binne a shekarar 79. Mutanen Sifaniya ne suka tsallaka da shi nahiyar Amurka a ƙarni na 16. A Montreuil, gefen birnin Faris na ƙasar Faransa, manoma sun riƙa gina katangu suna shimfiɗa rassan a jikinsu, katangar ta sha rana da yini ta ɗumama bishiyar da dare. A yau Sin kaɗai tana noma fiye da rabin abin da duniya ke samarwa. Sifaniya da Italiya da Turkiyya da Girka suna cikin manyan masu nomansa. A Amurka jihar Jojiya ce ta yi suna da shi, ko da yake Kalifoniya ta fi ta girbi nesa ba kusa ba.

Noma

Bishiyar fic tana buƙatar sanyi kafin ta haihu. Yawancin irinta sai sun samu awa 600 zuwa 1,000 na sanyin da ke tsakanin digiri 0 da 7 a hunturu, in ba haka ba furen ya fito tsilla-tsilla. Sai dai wannan sanyin da take nema shi ne kuma babban abin tsoron manomi. Furanninta masu ruwan hoda suna buɗewa tun kafin ganye, kuma dare ɗaya na daskarewa a wannan lokaci yana iya cinye amfanin shekara. Masu bincike a jihar Florida ta Amurka sun fitar da iri masu buƙatar sanyi kaɗan, abin da ya kai nomansa yankuna masu ɗumi.

Ba a dogara da shuka ƙwallo, domin ɗan ba ya ɗauko halin uwa, sai a yi wa dashen aure. Takan fara 'ya'ya a shekara ta uku, kuma ba ta da tsawon kwana. Bayan shekara 15 zuwa 20 akan sake sabuwa. A reshen bara take haihuwa, shi ya sa ake datse ta duk shekara. Sannan akwai aikin da sabon manomi ke jin ciwonsa: tsinke yawancin 'ya'yan tun suna ƙanana domin sauran su yi girma da zaƙi.

Iri da lokacin sha

Akwai mai rawayar tsoka da ɗan tsami, akwai mai fara wanda zaƙinsa ya fi fitowa. Wani ƙwallonsa yana rabuwa da tsokar cikin sauƙi, wani kuwa yana manne, kuma mai mannewar aka fi sa wa a gwangwani. Nektarin ma fic ne, gashin ɓawon kawai ya rasa.

A arewacin duniya kakarsa daga Mayu zuwa Satumba ce, a Chile da Afirka ta Kudu kuwa daga wajen Nuwamba zuwa Maris. Bayan an tsinke shi yana yin laushi, amma sukarinsa ba ya ƙaruwa. Don haka wanda aka cire ɗanye saboda doguwar tafiya ba ya taɓa kamo wanda ya nuna a reshe, kuma wanda bai ɗanɗana na biyun ba bai san fic ba tukuna. Sa ɗanye a firji yana busar da tsokarsa ta koma gari-gari. A bar shi a waje ya nuna tukuna. Ƙwayar da ke cikin ƙwallon ba a cin ta, domin tana ɗauke da sinadarin da ke komawa gubar sayanayid a cikin jiki.