Ɓeran Masar ba zomo ba ne

A Aboabo da Asawase, nan Kumasi, gidaje da yawa na ajiye wa yara ɓeran Masar, kuma kusan kowa ya ɗauka abin da zomo ya ci shi ma zai wadace shi: dusa, ɓawon rogo, ragowar tuwo. Wannan kuskuren yana kashe su a hankali.

Jikin zomo yana haɗa bitamin C da kansa. Na ɓeran Masar ba ya iyawa, kamar mu 'yan Adam, sai ya samu daga abinci kullum. Idan ya rasa, cikin makonni kaɗan za ka ga gashinsa ya yi buzu-buzu, yana ɗingishi, dasashinsa na jini, ya lafe a lungun keji ya ƙi ci. Sai a ce ai sanyi ne ya kama shi. Abin yana ba ni tausayi, domin yankan koren tattasai ko ɗan guntun gwaiba a rana ya isa ya hana wannan wahala.

Amma ginshiƙin abincinsa ciyawa ce, ɗanya ko busasshiya, kada ta yanke a gabansa. Haƙoransa 20 ne, duka suna girma har ƙarshen ransa, tauna ciyawa ce ke rage musu tsawo. Asalinsa ma daga tsaunukan Andes na Kudancin Amurka yake, ba Masar ba.

Kada a ba shi albasa, burodi, ko ɗanyen kontomire, wato ganyen gwaza, wanda ke ƙaiƙayi a baki da maƙogwaro. Ruwa kuma a canza masa kowace safiya.