Waiwaye: Yadda Jirgin B-52 Ya Tsufa Bai Yi Ritaya Ba

Muhawarar da ake yi kan jirgin yaƙin Amurka mai jefa bama-bamai, wato B-52, ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tun daga watan Satumba na 2021, lokacin da rundunar sojin saman ƙasar ta ba kamfanin Rolls-Royce kwangilar da za ta iya kai dala biliyan 2.6 domin ƙera sababbin injuna 608 da za a ɗaura wa jirage 76 da suka rage. Masu suka suna ganin ɓarnar dukiya ce a zuba irin wannan kuɗi a kan jirgin da autansa ya fito daga masana'anta tun 1962, alhali ga sabon jirgi B-21 ya riga ya yi tashinsa na farko a Nuwamba na 2023. Masu goyon baya kuwa suna cewa har yau babu wanda ke yin aikinsa da arha kamarsa, kuma shirin shi ne ya ci gaba da tashi har cikin shekarun 2050, ya doshi shekara ɗari ke nan yana aiki. Duka ɓangarorin biyu suna magana kamar yanzu ne aka wayi gari da wannan lamari, amma wanda ya bi tarihin jirgin zai ga cewa an ɗauki hanyar da ta kawo nan tun a tsakiyar shekarun 1960.

Farkon labarin sananne ne. Kamfanin Boeing ne ya ƙera shi, ya yi tashinsa na farko ranar 15 ga Afrilu, 1952, ya shiga aiki a 1955, kuma gaba ɗaya an ƙera guda 744. Yana da injuna takwas, tsawon fukafukansa daga wannan baki zuwa wancan ya kai mita 56, kuma manufa ɗaya aka yi shi dominta: ya ɗauki bam ɗin nukiliya daga Amurka, ya yi sama sosai inda ba a cim masa, ya kai shi cikin Tarayyar Sobiyet. A shekarun da Yaƙin Cacar Baki ya yi tsanani, akwai jiragen da ke shawagi dare da rana ɗauke da waɗannan makamai, har sai da haɗarin Palomares a Sifaniya a 1966 da na Thule a Girinlan a 1968 suka kawo ƙarshen wannan tsari. Tun kafin nan ma, harbo jirgin leƙen asirin Amurka samfurin U-2 da aka yi da makami mai linzami a sararin Sobiyet ranar 1 ga Mayu, 1960, ya nuna cewa nisan sama ya daina zama mafaka. Da a ce aikin nukiliya kaɗai B-52 ya iya, da ya bi sahun B-58, wanda ya fi shi gudu nesa ba kusa ba amma aka ajiye shi a 1970.

Abin da ya sauya makomarsa ya faru ne a yaƙin Biyetnam, kuma ba a cika tsayawa a kansa ba, saboda babu wani abin ban mamaki a cikinsa: gyara ne na makanikai a cikin rumbun da jirgin ke ɗaukar bama-bamai.

Ranar 18 ga Yuni, 1965, jirage 30 samfurin B-52F suka tashi daga sansanin Andersen da ke tsibirin Guwam domin kai hari kan wani daji a yankin Ben Cat, arewa da birnin Saigon. Wannan ne karo na farko da jirgin ya shiga yaƙi, kuma bai yi armashi ba ko kaɗan. Biyu daga cikinsu sun yi karo da juna a sama a lokacin da ake shirin shan mai a kusa da Filifin, mutum takwas suka mutu, waɗanda suka isa kuma suka zubar da kayansu a dajin da daga baya ba a tarar da wata ɓarna ta a zo a gani ba. Jaridu sun yi ta ba'a cewa an ɗauko guduma domin kashe sauro. Sai dai kwamandojin da ke yaƙi a ƙasa sun ga wani abu dabam: jirgin da ke zuwa daga nisan kusan kilomita 4,000, ya yi tafiyar awa goma sha biyu zuwa da komawa, ya saki bama-bamai 51 daga tsayin da mutanen ƙasa ba sa ganinsa kuma ba sa jin ƙararsa. Ƙorafinsu ɗaya ne, kayan da yake ɗaukowa sun yi kaɗan.

Dalilin ƙarancin shi ne an tsara cikin jirgin ne domin bam ɗaya ko biyu manya-manya na nukiliya, saboda haka ƙananan bama-bamai 27 kawai ke samun wurin ratayewa a ciki, sauran 24 kuma a ƙarƙashin fukafukai, ga kuma fili mai yawa yana zaune a banza. Daga watan Disamba na 1965 aka shiga yi wa samfurin B-52D gyaran da aka laƙaba wa suna mai ma'anar "ƙaton tumbi". Ba a faɗaɗa jikin jirgin ba, wanda ya gan shi daga waje ba zai san an taɓa shi ba, in ban da baƙin fentin da aka shafa wa ƙasansa domin kada fitilun neman jirage su haska shi da dare. An sake tsara maratayan da ke ciki ne kawai, ta yadda za su ɗauki bama-bamai 84 masu nauyin kilo 227 kowanne, a haɗa da 24 na fukafukai su zama 108, nauyin da ya kai wajen tan 27. An kuma riƙa jera bama-baman a kan marataya tun a ƙasa, sai a ɗaga su gaba ɗaya a cusa cikin jirgi, abin da ya rage lokacin lodi ƙwarai.

Daga nan jirgin ya koma abin da za a iya kira babbar motar dakon bama-bamai. Sukan tashi uku-uku, su zubar da kayansu a kan fili mai faɗin kusan kilomita ɗaya da tsawon kilomita uku, kuma daga 1966 na'urorin rada da ke ƙasa ne ke gaya wa matuƙa lokacin da za su saki, ko da dare ne ko ana hadari. A watan Afrilu na 1967 aka buɗe musu sansanin U-Tapao a Tailan, tafiya ta ragu zuwa 'yan awoyi ba tare da shan mai a sama ba. Haka suka yi ta luguden wuta a kewayen Khe Sanh, sansanin sojojin Amurka a Biyetnam ta Kudu, a 1968, da hanyoyin da ke ratsa Laos, da kuma Kambodiya, inda aka fara kai hare-hare a asirce a watan Maris na 1969. Zuwa watan Agusta na 1973 sun yi sawu fiye da 126,000. Ba sojoji kaɗai ke ƙarƙashin wannan ruwan wuta ba. Akwai ƙauyuka da gonakin shinkafa, kuma har yau manoma a waɗannan ƙasashe uku suna tono bama-baman da ba su fashe ba.

Muhimmin abin lura shi ne, kusan duk waɗannan sawu an yi su ne a wuraren da babu makamin da zai kai ga jirgin. Da aka tura shi inda ake da kariya, labari ya sha bamban. A cikin kwanaki goma sha ɗaya na hare-haren 18 zuwa 29 ga Disamba, 1972, a kan biranen Hanoi da Haifong na Biyetnam ta Arewa, an yi sawu fiye da 700, kuma Amurka ta amince cewa ta rasa jirage 15, shida daga ciki a daren 20 ga wata kaɗai, yayin da Biyetnam ta Arewa ta ce 34 ta kakkaɓo. Asibitin Bach Mai da titin Kham Thien na cikin wuraren da bama-bamai suka faɗa wa, fararen hula fiye da 1,600 suka mutu a biranen biyu. Ɓaraguzan ɗaya daga cikin jiragen na nan har yanzu a cikin tafkin Huu Tiep a tsakiyar Hanoi.

Darasin da aka ɗauka daga wannan asara shi ne a daina kai jirgin bakin wuta, a bar shi ya tsaya daga nesa. A watan Disamba na 1982 ya fara ɗaukar makamai masu linzami da ke tafiyar fiye da kilomita dubu biyu da kansu bayan an sake su, watau dai dakon ne ya ci gaba, kayan kawai aka sauya. A daren da aka fara yaƙin Tekun Fasha a Janairun 1991, jirage bakwai sun tashi daga Barksdale a jihar Luwiziyana, suka harba irin waɗannan makamai 35 kan Iraƙi, suka koma gida bayan awa 35 a sama. Sauran kuma suka riƙa zuba bama-bamai a kan sojojin Iraƙi da ke haƙe a cikin hamada, kamar yadda aka saba a Biyetnam. Kosobo a 1999, Afganistan daga 2001, Iraƙi a 2003, sannan Iraƙi da Siriya daga 2016, duk tsari ɗaya ne: ko dai abokin gaba ba shi da kariyar sama tun asali, ko an riga an murƙushe ta kafin B-52 ya iso, ko kuma ya tsaya daga nesa ya harba makamansa.

Waɗanda aka ƙera domin su gaje shi an yi su ne domin kutsawa cikin ƙasa mai ƙarfin kariya, kuma irin wannan jirgi tsada gare shi. XB-70 guda biyu kacal aka yi, B-1B guda 100, B-2 kuwa 21. Yaƙe-yaƙen da Amurka ta shiga a cikin shekaru sittin ɗin nan, mafi yawansu ba su buƙaci kutse ba, mai dako suka buƙata, shi ya sa duk lokacin da aka zauna lissafi sai tsohon ya tsira. Har ma da yarjejeniyar rage makamai ta 1991 tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, wadda a ƙarƙashinta aka sassare jirage 365 da wata ƙatuwar wuƙar ƙarfe a hamadar Arizona, aka bar gutsattsarinsu a fili kwana 90 domin taurarin ɗan Adam na Rasha su tabbatar, ba ta gama da shi ba.

Akwai wani abin mamaki a nan. Jiragen da aka yi wa ƙaton tumbi an ajiye na ƙarshensu tun 1983, waɗanda ke tashi a yau kuwa samfurin B-52H ne, wanda bai je Biyetnam ba sam. Sun shafe yawancin shekarun Yaƙin Cacar Baki suna zaman jiran ko-ta-kwana a bakin titin tashi, shi ya sa jikinsu bai gaji ba kamar yadda shekarunsu ke nunawa. Aikin da 'yan'uwansu suka koya a 1965 shi suka gada, kuma da aka tashi sabunta su domin yaƙin Siriya da Afganistan, rumbun bama-baman nan aka sake komawa: a 2017 aka fara amfani da wata marataya mai juyawa da ke ba su damar ɗaukar bama-bamai takwas masu bin jagorancin tauraron ɗan Adam a cikin rumbun, bayan waɗanda ke rataye a fukafukai.