Ƙa'idar Kare Na'urar Tuƙa Jirgin Sama Daga Katsalandan Ɗin Lantarki

Duk wanda ya taɓa ajiye wayar salula kusa da rediyo a zaure, ya ji kukan da rediyon ke yi tun kafin kira ya shigo, ya riga ya san matsalar da wannan ƙa'ida take magancewa. A ƙauyukanmu na Ringim ko Gezawa maganinta bai wuce a matsar da wayar ba, amma a jirgin da ya ɗebi maniyyata daga Dutse ko Kano zuwa ƙasa mai tsarki, magana ce ta rayuka.

Na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta ba ta da ido. Da saƙonnin lantarki marasa ƙarfi take sanin alƙibla da tsawon da jirgi ya kai. Saƙon da ke daidaita jirgi da titin sauka yana tafiya ne a zangon rediyo tsakanin megahaz 108 da 112, wato maƙwabcin tashoshin FM ne da ke ƙarewa a 108, don haka ɗan gurɓata kaɗan zai iya sa na'urar ta karkata jirgin alhali tana ganin daidai take.

Shi ya sa ba a ɗora wannan na'ura a jirgin da ke da rajistar Najeriya sai da amincewar hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama, NCAA, kuma sai injiniya mai lasisi ya sa hannu kafin jirgin ya koma aiki. Ita kanta na'urar sai an gwada ta bisa DO-160, wato ma'aunin gwajin na'urorin jirgin sama, a tabbatar tana jure katsalandan kuma ba ta damun sauran na'urori. Amma a ganina ainihin aikin yana wurin jan wayoyin lantarki na cikin jirgin, domin nan ne sakaci yake ɓuya. Wayoyin saƙo ana murɗa su biyu-biyu, a lulluɓe su da ragar ƙarfe da aka haɗa da jikin jirgin, sannan a raba hanyarsu da ta manyan wayoyin wuta da ta eriyar rediyon matuƙi. Na'urar gane arewa kuwa nesa ake kai ta da baƙin ƙarfe da injinan lantarki, sau da yawa can cikin fiffike. Bayan an gama, sai a kunna kowace na'ura ɗaya bayan ɗaya, a danna rediyo a yi magana, a duba ko na'urar tuƙin za ta motsa ba a umarce ta ba.

Abin da injiniya ba zai iya lulluɓewa ba shi ne wayar da ke aljihun fasinja. A watan Agustan 2025 NCAA ta umarci a kashe wayoyi gaba ɗaya lokacin tashi da sauka, ba a bar su a tsarin jirgi, wato "airplane mode" mai katse sadarwar waya, kawai ba. Alhajin da bai saba ba, ya sa ɗansa ya nuna masa maɓallin kashewa tun yana gida.